Gimbiyar Ƙarshen Layi

Jama'a ku matso, yau bakina cike yake. Wanda ya ga na cika zagaye-zagaye ya yi haƙuri, rainon kaka ce ni. Mu ba ma shiga labari kai tsaye, sai mun tsaya mun gaisa da kowa a tsakar gida tukuna.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni: ni ce Auta a gidanmu, kuma sunan ya bi ni har wurin aiki. Ina ɗinki a wata masana'anta da ke yin rigunan 'yan makaranta da na ma'aikatan asibiti. Aljihu nake ɗorawa. Aljihu kawai, daga safe har yamma, har ta kai ko a mafarki aljihu nake gani. Yayata da nake bi tana layi ɗaya da ni, keken ɗinkinta na gaban nawa, ita wuyan riga take haɗawa. A kan awa ake biyan mu, duk ranar Juma'a. Da safe mu dangwala yatsa a jikin wata 'yar na'ura da ke maƙale a bango kusa da ƙofa, da yamma mu sake dangwalawa. Tana da wata siririyar murya ta mace, kina ɗora yatsa sai ta ce, “Na gode.” Shekara biyu ina jin wannan godiyar, ban taɓa tambayar kaina godiyar me take yi ba.

Sai kuma shi. Akawun albashi.

Ofishinsa na gilashi ne, a saman wata 'yar matakala, yana kallon na'urar nan daidai. Dogo ne, ba ya son hayaniya. Kullum farar riga mai dogon hannu, an goge ta har bakin hannun kamar zai yanki mutum, biro biyu a aljihu, baƙi da ja. Turarensa kan riga shi isa wuri. Wayarsa kuwa kamar da ita aka haife shi. Ba ta buɗewa sai da babban yatsansa, kuma ko hoto zai nuna mini a hannunsa yake riƙe ta, sai dai ni in miƙa wuya kamar raƙumin dawa. Wata huɗu ke nan yana zuwa gidanmu. Umma ta riga ta gama magana a zuciyarta. Kawu ma haka. An sa gobe Asabar iyayensa za su zo a san juna, Umma har ta ɗinko sababbin labulen falo masu ruwan zuma, ta hana kowa zama a kan doguwar kujera don kada ta lotsa.

Ni ma, kar in yi muku ƙarya, ina son sa. To ai shi ya sa abin ya yi mini ciwo.

Yana da wata ɗabi'a. Mu ba a barin mu da waya a kan keke, kowa sai ta kulle tata a 'yar durowar ajiya da ke can ƙuryar ɗakin. Ƙararrawar tashi ƙarfe biyar take bugawa, amma Madam, wato shugabar layinmu, ba ta sakin kowa sai an share zare, an goge keke, an ɗiga masa mai, an rufe shi da zane. Kafin ta tafa hannu ta ce “Ku je,” an ci wajen minti biyar. Daga nan sai rububin layin dangwala yatsa. Ni kuwa ina buɗe durowa sai in tarar da saƙonsa yana jirana.

“Gimbiya, an tashi? Amsa mini kafin ki dangwala, in ba haka ba raina ba zai kwanta ba.”

Sai in tsaya ina murmushi kamar wata sakarya ina rubutu. Ina turawa wani ya shigo.

“Mayafin yau shuɗi ne ko kore? Gilashin nan yana yi mini ƙarya.”

“Kore ne mana, idonka ne ke maka ƙarya.”

“To tsaya, saura tambaya ɗaya.”

Kafin a gama saura tambaya ɗaya, layi ya ƙare, saura ni da tsohon mai shara. Shi ya sa ya sa mini suna Gimbiyar Ƙarshen Layi. Daga ni sai shi muka san sunan nan. Da shi ya ajiye lambata a wayarsa, har da 'yar fure a gefe.

Yaya kuwa kullum ita ce ta farko ko ta biyu. Goyo take yi. Yarinyar tana wurin Umma da Kaka, kuma ta ƙi kwalba ƙememe, sai dai ta wuni tana tsala ihu. Kafin biyar nonon Yaya ya cika ya yi tauri, wani lokaci har ya jiƙa mata riga ta rufe da mayafi. Don haka Madam na tafa hannu za ku ga ta zabura kamar an tsikare ta, ta dangwala, ta yi waje don ta samu motar farko. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai kwana gida ba.

Wata Juma'a da yamma muna zaune a ɗakin Kaka. Yaya ta miƙe ƙafa a kan tabarma tana shayarwa, ni ina tsefe kitso. Wayoyinmu suka yi ƙara kusan tare, albashi ya shigo. Ta duba tata ta yi tsaki.

“Kullum jiya i yau. Auta, nawa suka sa miki?”

Ban kawo komai a raina ba na miƙa mata wayar. Ta duba, ta sake dubawa, ta ɗago ta dube ni.

“Wannan na sati ɗaya ne?”

“Eh mana.”

“Kuɗin ƙarin lokaci? Yaushe kika yi ƙarin lokaci? Tare muke zuwa, tare Madam ke sakin mu.”

“Wallahi Yaya ni ma ban sani ba. Ina ganinsa dai.”

“Tun yaushe?”

Na shiga lissafi a zuci. Abin da na tarar a ƙarshen lissafin bai yi mini daɗi ba. Tun wajen wata huɗu.

Umma ta leƙo daga ƙofa riƙe da ludayi. “Ke kuma wane irin titsiye ne wannan? Yarinya tana da hannu, an ga ƙoƙarinta an ƙara mata. Sai ki taya ta murna.”

“Umma, ba a kan hannu ake biya ba, a kan awa ne.”

“To awarta ce ta fi taki albarka. Ku rufa mini baki, kar in sake jin zancen nan, muna da baƙi a gaba.”

Yaya ta cire 'yarta daga nono. Ta gyara wa yarinyar kwanciya, ta miƙo mini wayata da yatsu biyu kamar mai miƙo abin da ya faɗa kwata. Ranar ko sai da safe ba ta ce mini ba.

Ku kun san masana'anta, magana ba ta kwana. Ban ce Yaya ce ta faɗa ba, amma ranar Litinin ina zama a keke, wata da muke kira Rediyo, mai sa maɓalli, ta juyo tana taunar cingam.

“Amaryar ofis, an tashi lafiya? Don Allah in kin hau sama ki ce a tuna da mu. Mu ma muna da mayafi kore.”

Aka kwashe da dariya. Wata daga baya ta ce, “Ke Rediyo, ai ba mayafi ba ne, sai an iya murmushi ta gilashi.”

Na sunkuyar da kai na taka keke. Ranar aljihu uku na ɗora a karkace, sai da na farke su. Abin da ya fi yi mini ciwo, Yaya tana gabana tana ji, ba ta waiwayo ba.

Tunani iri-iri na yi. Na ce ko kuɗin kamfani yake ɗiba yana zuba mini? In haka ne, ranar da asiri ya tonu sunan wa za a gani? Nawa. Shi yana can sama da farar rigarsa, ni ce za a fitar ta ƙofar gaba ana nuna ni da baki. Ko kuwa saye na yake yi a hankali, don gobe in na ce ba na yi ya ce in dawo masa da abinsa? Har na fara tuna yadda yake kife wayar nan duk lokacin da na matso.

Kaka ce ta fara ɗago ni. Ina shafa mata man zafi a gwiwa ta ce, “Ke, wannan fuskar ta mece ce? Ko mijin nawa ne ya yi laifi?” Haka take kiransa, wai ita ce uwargida.

Na ba ta labari duka, har da saƙonnin. Ta saurara tana lumshe ido.

“Da safe yana aiko miki?”

“Wani lokaci.”

“Da rana fa?”

“In ya samu sarari.”

“Amma na tashi daga aiki bai taɓa fashi ba.”

“Ko sau ɗaya.”

Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni. “To wannan saurayi ne ko agogon bango? Kakanku da yana nemana, wata rana ya zo da rana tsaka, wata rana in yi kwalliya in zauna har kwalliyar ta narke bai zo ba. Ni dai ban taɓa ganin son da ya san minti ba. Danna nan, nan ne ke ciwo.”

Maganar nan ta kwana tana yi mini yawo a kai. Washegari na yanke shawara. Madam na tafa hannu ban ko kalli durowa ba, na bi bayan Yaya na dangwala, sannan na koma na ɗauko jakata. Saƙo huɗu na tarar.

“Gimbiya?”

“Ina kika shiga?”

“Na hango ki a gaban layi. Saurin me kike yi?”

“Gobe ki tsaya ki amsa mini tukuna, don Allah.”

Ban tsaya ba. Ranar Laraba ina cikin layi na ɗaga kai, sai ga shi ya taso daga kujera ya manne da gilashi, yana yi mini alama da hannu, wai in koma baya. Ba alamar mai kewa ba ce, jama'a. Irin alamar da ɗan sandan hanya ke yi wa mota ce. Na kawar da kai. Haka na yi har satin ya ƙare, kuma da albashi ya shigo ranar Juma'a, nawa da na Yaya kamar an raba da wuƙa. In ban da 'yan canjin ranar Litinin, babu bambanci.

Ranar Lahadi bayan la'asar ya zo. Na sa doguwar riga ruwan toka marar ado, ko hoda ban shafa ba. Umma ta bi ni da harara har falo, ta ajiye masa lemo da kanta, ta ɗaga murya wai don in ji: “Ɗana, ka zauna a doguwar mana, ai don ku aka saye ta.” Ta fita ta bar ƙofa a buɗe rabi. Na san tana nan bayan labule tana share wurin da ta riga ta share.

“Gimbiya, fushi ake da ni?”

“Malam, tambaya zan yi maka, kuma don Allah kar ka zagaya da ni. Kuɗin da ke shigo mini, na wane ne?”

Ya yi dariya, har da gyara biro. “Naki ne. Halak malak.”

“Ban yi aikinsu ba.”

“Kin yi. Ai shi ne abin.” Ya sassauta murya ya matso. “Bari in gaya miki, amma ya tsaya tsakaninmu. Na'urar nan ba ta san minti ba, kwata kawai ta sani. In kika dangwala biyar da minti ɗaya har zuwa da minti bakwai, sai ta mayar da ke biyar daidai. In kika kai minti takwas, sai ta tura ki biyar da kwata. Kwatar nan kuwa ta haura awannin sati, don haka a kuɗin ƙarin lokaci take faɗawa, ninki ɗaya da rabi. Kin gani? Ban ƙara miki komai ba. Tsayar da ke kawai nake yi har ki haye.”

Ashe duk “mayafin yau wane launi ne” ɗin nan, idonsa na kan agogo.

“To share zaren da muke yi bayan ƙararrawa, da goge keke?”

“Wanda ya dangwala kafin takwas, ya tafi a iska.”

“Da safe fa? Mai gadi ba ya buɗe ƙofa sai takwas saura 'yan mintoci, kuma muna shiga Madam ke cewa a zauna a fara.”

Ya sosa ƙeya. “Saura bakwai yake buɗewa. Nan ma sai na'urar ta tura ku takwas daidai.”

“Wato da safe ta ci gaba, da yamma ta ci baya.”

“Ba haramun ba ne fa, Gimbiya. Wurare da yawa haka suke yi, an yarda da shi. Sharaɗin kawai ya zama wani lokaci ma'aikaci ya ci, wani lokaci kamfani ya ci.”

“Yaya ta taɓa ci?”

Ya kai hannu ya taɓa biron aljihunsa.

“Wata da watanni tana gudu da nono a cike, kana kallonta ta gilashi. Ka zo gidan nan ka ɗauki 'yarta ka yi mata wasa. Ko sau ɗaya ba ka ce mata, Yaya, ɗan jinkirta minti biyu ba?”

“Ki fahimce ni. In kowa ya koma baya, abin zai fito fili a lissafi, ni za a fara tambaya. Mutum ɗaya ko biyu a ƙarshen layi ba sa jan ido. Hasali ma ana son a samu irinsu, don in masu bincike suka zo a nuna musu cewa ga shi na'urar tana bayarwa kamar yadda take...”

Ya tsaya. Amma maganar ta riga ta fito.

“Ana so,” na ce. “Wa ke so?”

“Ba haka nake nufi ba.”

“Wato ni ce abin nunawa. In an zo bincike a ɗago sunana a ce ga wadda take ci.”

“Dole wani ya zama na ƙarshe! Na ga gara ke da wata. Laifi ne don na so tawa ta amfana?”

“Wa ya ce wa Madam ta riƙe mu minti biyar, kar ta kai takwas? Wa ya gaya wa mai gadi lokacin buɗe ƙofa? Manaja ko agogon hannunsa ba ya iya saitawa, kai kake saita masa.”

Ya ɗauki lemon ya kai baki, ya ajiye bai sha ba. Wayarsa ta yi haske a kan cinyarsa, ya kife ta.

“Auta,” ya ce. Rabon da ya kira ni haka tun farkon haɗuwarmu. “Saura kwana shida iyayena su zo. Aikin nan da shi zan riƙe ki. Ki rufa mini asiri, ki rufa wa kanki.”

Yana fita Umma ta faɗo falon, tsintsiya a hannu.

“Na ji komai, kuma ban ji abin tashin hankali ba. Yaro ya ga hanya ya nuna wa wadda zai aura, sai ki tsare shi kamar alƙali? Wasu samarin ko katin waya ba sa iya saya wa yarinya.”

“Umma, haƙƙin Yaya ne fa ake ci. 'Yarki.”

Na ga abin ya taɓa ta. Sai ta ƙara ƙanƙame tsintsiyar. “In an yi auren sai ya gyara mata a hankali, cikin gida. Amma wallahi kika buɗe baki kafin Asabar, kika kunyata ni gaban kawunku da mutanen nan, ban yafe ba.”

Kwana huɗu na riƙe maganar nan, tana ci na kamar garwashi a tafin hannu. Saƙonsa bai fasa zuwa ba, sai dai yanzu ina karantawa ina jin ƙarar agogo a ciki. Ranar Alhamis Madam ta tafa hannu, Yaya ta zabura, sai kan zarenta ya faɗi ya gangara ƙarƙashin kekena. Muka sunkuya tare. A nan ƙasa na ga gaban rigarta ya jiƙe har wuri biyu, ta danne da hannu ɗaya tana cije leɓe. Ta fizgi zaren ta ruga, na'urar ta ce mata “Na gode.”

A motar gida na samu wuri kusa da ita. Na gaya mata duka, a kunne, tun daga kwata har zuwa masu bincike. Ta saurare ni har muka wuce gidan mai biyu. Sannan ta ce, idonta na kan taga:

“Na zata wani abin kike ba shi.”

“Yaya!”

“Ki yafe mini. Na zata.” Ta kama hannuna ta matse. Can kuma ta ce, “Minti takwas ko?”

“Don Allah ke kaɗai. Ki ɗan riƙa jinkirtawa kawai. Umma ta ce...”

“Na ji.”

Na san Yaya. In ta ce “na ji” da wannan muryar, ba ta ji ba. Muna sauka na ga ta ciro waya, kuma sunan da na hango tana nema na Rediyo ne.

Yau Juma'a. Tun safe ɗakin ɗinkin ya yi wani irin tsit, ba waƙa, ba tsokana, sai ƙarar kekuna. Rediyo ta wuce ta gefena ta ajiye mini alewa a kan tebur. 

Ƙararrawa ta buga. Aka share zare, aka goge keke, aka rufe. Madam ta tafa hannu.

“Ku je.”

Ba wadda ta je.

Wallahi da ba a kaina abin yake ba da na yi dariya har na faɗi. Mata wajen arba'in, kowa ta samu abin yi. Wannan tana ɗaure igiyar takalmin da ba shi da igiya. Waccan ta kwance ɗankwali tana sake ɗaurawa a karo na uku. Wata dattijuwa mai guga ta zazzage jakarta a ƙasa wai tana neman makulli, ga makullin a wuyanta. Waɗanda suka isa gaban na'urar kuwa sai ladabi ya ɓarke.

“Bismillah, wuce, ke ce babba.”

“A'a wallahi, ni na isa? Ke da kike da nisa.”

“Rediyo, wuce mana.”

“Ni? Yatsana ne ya yi gumi, bari ya bushe.”

Yaya tana tsaye can baya, ta harɗe hannuwa a ƙirji, ta kafe agogon bango da ido. Na san abin da take ji a jikinta, na san motar farko tana tafiya, amma ko motsi ba ta yi ba.

“Wai me ke damunku ne yau?” in ji Madam. “Na ce ku je! Ko kwana za ku yi?” Ta dubi agogo, ta dubi sama wajen gilashin. A wannan kallon na gane ita ma ta sani.

Na lallaɓa na buɗe durowata. Yau babu “Gimbiya, an tashi?” Saƙo ɗaya ne.

“Me kika yi? Manaja yana tsaye a kaina.”

Na rubuta masa, “Ka gaya masa gaskiya.” Ya nuna an karanta. Amsa ba ta zo ba.

Ƙofar gilashin ta buɗe. Manaja ya fara saukowa, gajere mai tumbi, yana taka matakalar ɗaya bayan ɗaya kamar mai jin daɗin ƙararta. Akawu na biye da shi, farar rigar nan ta jiƙe a hammata, idonsa a kan takalminsa. 

Manaja ya tsaya a matakala ta ƙarshe, ya ɗaga gilashin idonsa, ya karanto daga abin da ke hannunsa a hankali, yana jan kowace kalma.

“Wace ce... Gimbiyar Ƙarshen Layi?”

Mata suka dubi juna. Ba wadda ta san sunan, ko Yaya. Da na yi shiru, da sai dai shi ya ɗaga hannu ya nuna ni. Na dube shi ina jiran ya ɗago, ko da ido ne ya ce mini wani abu. Bai ɗago ba. Na tuna labulen Umma masu ruwan zuma, da doguwar kujerar da aka hana kowa zama saboda gobe.

Dogon hannun agogo ya motsa ya hau minti na takwas.

Na rataya jakata, na ratsa ta tsakiyarsu har gaban na'urar. Wata huɗu ina ƙarshen layi, yau ni ce ta farko. Na dangwala, ta ce “Na gode.” Na juyo na ce, “Ga ni, ranka ya daɗe.”

Sai a lokacin na kalli abin da ke hannun Manaja da kyau. Wayar Akawu ce, tana haske, ga 'yar furen nan a gefen sunana. Wayar da ni kaina ban taɓa riƙewa ba.

Ita kuwa, na gaya muku tun farko, ba ta buɗewa sai da babban yatsansa.